Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Tarayya: Muna Riƙe Da Sirrin Jama'a, Doka Kuwa Ba Ta San Da Zamanmu Ba

Zuwa ga masu girma shugabanni da membobin kwamitocin lafiya da na shari'a na Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, musamman wakilanmu na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Allah Ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ranku ya daɗe, ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, a ɓangaren da ke duba marasa lafiya. Shekarata 14 ina aiki a wani asibitin gwamnati a Arewa. Ina magana da bakina da kuma bakin abokan aikina da muka daɗe muna cizon yatsa a kan wannan lamari: masu aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa, da na sansanonin 'yan gudun hijira, da na cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, da na gidajen gyaran hali. Na rubuta da Hausa ne domin mutanen da ke zama a kujerar da ke gabana kowace safiya su karanta da kansu, su san abin da muke nema a madadinsu. Labaran da zan kawo na sauya musu kama yadda ba mai gane masu su, don amanarsu na wuyana.

Da yake jama'a kan haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa, bari in bambance. Shi likitanci ya karanta, shi ke rubuta magani da allura. Mu ba ma rubuta ko ƙwaya ɗaya. Aikinmu gwajin tunani da fahimta da ɗabi'a, sannan jinya ta hanyar zama da zance bisa tsarin da ilimi ya tabbatar. Kafin mutum ya kai nan sai ya yi digirin farko na shekara 4, ya ƙara da digiri na biyu, ya yi horo a asibiti ƙarƙashin idon manya. Fannin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 Jami'ar Nsukka ta buɗe masa sashe, Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye ɗalibansa, ƙungiyarmu ta ƙasa kuma tana nan tun 1984.

A watan Janairun 2023, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ranar mun yi murna ƙwarai, domin ita ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, wadda ba ta san komai game da mara lafiya ba sai a kama shi a kulle. Mun gode wa majalisar da ta yi wannan aiki. Sai dai shekaru sun fara turawa, mu da aka ce mu yi jinyar muna nan inda aka bar mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ga wuraren da ruwa ke zubo mana.

Na farko, babu hukumar da doka ta kafa don yi mana rajista. Likita yana da hukumar likitoci da likitocin haƙori. Ma'aikaciyar jinya da ungozoma suna da tasu, mai haɗa magunguna yana da tasa, haka mai gashin ƙashi. A 2022 an sa hannu a dokar kafa hukumar masu ba da shawara a kan matsalolin rayuwa, a shekarar kuma aka yi wa ma'aikatan jin daɗin jama'a tasu. Mun taya su farin ciki, sun cancanta. Namu ƙudirin kuwa ya sha shiga zauren majalisa, bai fito a matsayin doka ba. Ghana ta kafa hukumar masana halayyar ɗan Adam a ƙarƙashin dokar da ta yi a 2013, Kenya ta yi tata dokar a 2014. A can, wanda ya kira kansa da wannan suna ba tare da rajista ba ya taka doka. A nan, duk wanda ya ga dama ya buga kati, ya ɗaura "Dakta" gaban sunansa, ya buɗe shafi a TikTok ko zaure a WhatsApp, shi ke nan ya zama masani.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Wata matashiya ta zo wurina, haihuwarta ta fari, ciwon damuwa na bayan haihuwa ya kama ta. Likita ya ɗora ta a kan magani, ta fara samun sauƙi. Sai wata ƙawarta ta tura mata lambar wani mai bidiyo da ke cewa shi ƙwararre ne a halayyar ɗan Adam. Ya karɓi kuɗinta, ya ce ta daina shan maganin domin wai shi ke kashe mata zuciya, ya sa ta riƙa turo masa saƙon murya tana zayyana duk abin da ke tsakaninta da mijinta da uwar mijinta. Bayan 'yan makonni ya ɗauki labarin nan ya yi darasi da shi a bidiyo. Bai faɗi sunanta ba, amma ya faɗi unguwa, ya faɗi sana'ar mijin, ya faɗi watan da ta haihu. Dangin miji suka gane. Lokacin da aka kawo ta wurinmu ciwon ya dawo fiye da da, auren kuma yana lilo. Da ta ɗan farfaɗo ta tambaye ni, "Anti, ina zan kai ƙararsa don kada ya yi wa wata?" Na rasa amsar da zan ba ta. Ƙungiyarmu iyakar ikonta ta kori ɗanta, shi kuwa bai taɓa zama ɗan ƙungiya ba. Ba shi da lasisin da za a ƙwace, tunda ni kaina ba ni da shi. Dokin mai baki ya fi gudu: mabiyansa sun ninka mutanen da na duba tun da na fara aiki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar da muke nema za ta yi aiki a kanmu mu ma. A cikin masu takardar gaske ana iya samun wanda zai nemi matar da ta zo neman taimako, ko ya sayar da rahoton gwaji ga mai son a ce ɗan'uwansa ba shi da hankali don a cinye masa gado. Yau idan haka ta faru, asibiti zai iya sallamarsa, gobe ya buɗe ofis a wani gari. Muna son a samu kwamitin ladabtarwa mai haƙori, wanda zai iya cire sunan mutum daga littafi, kowa ya gani.

Na biyu, sirri. A nan zan ɗan daɗe, domin a kansa aikinmu ya tsayu. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutum na shigowa ofishina ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba: fyaɗen da aka yi masa yana yaro, ƙwayar da yake sha a ɓoye, tunanin da ke zuwar masa da tsakar dare, abin da aka yi mata a daji kafin a biya kuɗin fansa. In bai amince maganar za ta tsaya a ɗakin ba, ba zai buɗe baki ba, in kuwa bai buɗe ba, babu jinya.

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da aka lissafa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Da waɗannan nake kare kaina a kullum, domin a wurinmu wanda ya biya kuɗin kati gani yake sirrin ma ya saya. Miji zai tsare ni a baranda, "Hajiya, me ta gaya miki? Ni ne fa mijinta." Uba zai ce 'yarsa ce, ko da shekarunta 30. Shugaban ma'aikata zai aiko da takarda yana neman fayil ɗin ma'aikacinsa. Waɗannan ina iya ba su haƙuri, in yi musu bayani cikin mutunci, yawancinsu kuma su fahimta.

Inda ƙarfina ke ƙarewa shi ne ƙofar kotu. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda yake karewa ya faɗa masa, sai da yardarsa. Mu ba mu da irin wannan garkuwa. Sammaci na zuwa, fayil ya bi shi, da duk abin da ke ciki, wanda ya shafi shari'ar da wanda bai shafe ta ba. A Amurka, kotun ƙolinsu ta yanke a 1996 cewa zancen da ke tsakanin mai jinyar tunani da mara lafiyarsa yana da kariya a kotunan tarayya, bisa hujjar cewa al'umma ta fi amfana da mutane su nemi magani ba tare da tsoro ba.

Na taɓa ganin illar rashin wannan da idona. Wata baiwar Allah ta yi wata shida tana zuwa wurina saboda firgita da rashin barci, bayan shekaru tana shan duka. Ta warke, ta koma koyarwarta, daga baya ta nemi a raba auren. Da aka zo maganar riƙon yara, sai mijin ya ce ai mahaukaciya ce, ga asibitin da take zuwa, a kira mai duba ta. Masu girma, kun san nauyin wannan kalma a fiƙihunmu na Malikiyya: hauka na cikin aibobin da ke ba da zaɓin raba aure, hankali kuma sharaɗi ne ga mai riƙon yaro. Kalma ɗaya da na rubuta a fayil, in aka karanta ta ba tare da fahimta ba, tana iya raba uwa da 'ya'yanta. Allah Ya sa alƙalin mai natsuwa ne. Ya saurare ni, ya yarda in ba da taƙaitaccen rahoto a kan tambaya guda: shin tana iya kula da yara? Ya ƙi a karanta sauran a bainar jama'a. Amma wannan adalcin mutum ɗaya ne, babu rubutacciyar ƙa'idar da ta tilasta masa. Bayan zaman, mata biyu da ke zuwa wurina daga unguwarsu suka ɗauke ƙafa. Ɗaya ta aiko a gaya mini ta ji ashe abin da aka faɗa a asibiti yana zuwa gaban alƙali.

A lura kuma, Dokar Shaida ba ta hawa kan shari'o'in aure da gado da riƙon yara a kotunan shari'ar Musulunci da na yanki. Ke nan ko kun gyara ta a Abuja, sai an bi ta jihohi kafin gyaran ya isa kotunan da talakawanmu suka fi zuwa.

Na uku kishiyar na biyu ne: yaushe ya wajaba in fasa sirrin? A 1969, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka, wani ɗalibi ya gaya wa masanin halayyar da ke duba shi cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare ɗalibin na ɗan lokaci suka sake shi. Ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta ce wajibi ne mai jinya ya ɗauki matakin kare wanda aka yi wa barazana. Tun daga nan jihohin ƙasar da dama suka rubuta dalla-dalla abin da za a yi, suka kuma kare mai jinyar da ya yi da kyakkyawar niyya.

Mu a nan, dokokinmu sun yi maganar ne a dunƙule, irin su "babbar barazana ga lafiyar jama'a". To mutumin da ya ce mini daren nan zai ƙone ɗakin kishiyar uwarsa fa? Yarinya 'yar shekara 13 da ta ce mini kawunta ne, kuma kawun ne ya kawo ta asibitin, shi ke zaune a waje yana jira? Wa zan kira, cikin awa nawa, me zan rubuta? In na yi magana, dangi su ce na tona asiri, na ɓata sunan gida, su kai ni ƙara. In na yi shiru wani abu ya faru, jinin na kaina har gaban Allah. Gaba kura, baya siyaki. Abokan aikinmu na Borno da Yobe da Zamfara da Katsina nasu ya fi tsanani. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta mayar da ɓoye bayanin da zai taimaka a hana ta'addanci ko a kama mai yin sa laifi. Su kuwa kullum suna zaune da matan da suka kuɓuto daga daji da yaran da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, suna jin sunaye da wurare. Ba wanda ya zauna ya shata musu iyaka tsakanin amanar jinya da wajibin tsaro. Kowa da Allahnsa da dabararsa yake aiki.

Na huɗu shi ya fi ci mini rai. Har yau wanda ya yi yunƙurin kashe kansa Allah Ya kuɓutar da shi, mai laifi ne a idon doka. Sashe na 231 na Final Kod, wato kundin laifuffuka na Arewa, ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudu ya tanadi shekara ɗaya. Final Kod ɗinmu an ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan daga na Indiya na 1860. Ingila da ta shimfiɗa mana wannan tsari ta soke shi a gida tun 1961. Indiya ta kauce masa da dokarta ta 2017. Majalisar Ghana ta cire shi a 2023, babbar kotun Kenya ta rushe nasu sashen a Janairun 2025. A cikin gida, Legas ta mayar da hukuncin ya zama umarnin kai mutum asibiti.

Abin da wannan sashe ke yi a zahiri shi ne koya wa mutane ƙarya. Ana kawo yaro sashen gaggawa, iyaye su rantse kuskure ne, don kada maganar ta kai ofishin 'yan sanda. A rubuta kuskure, a sallame shi, ba wanda ya turo shi wurina. Alhali wanda ya taɓa yunƙuri yana cikin waɗanda suka fi kowa haɗarin sakewa, makonnin farko kuma su ne lokacin da zama da shi ke ceton rai. Wani saurayi, ɗalibi, sai a zamanmu na biyar ya gaya mini gaskiyar abin da ya kai shi asibiti. Kafin ya faɗa sai da ya tambaye ni, "In na gaya miki, za ki kira 'yan sanda?" Na ce a'a. Na kwana ina tunanin yadda aka yi ƙasa ta sa mai jinya a matsayin da tausayinta zai zama rufa wa mai laifi asiri.

Na san abin da ke sa wasunku ɗari-ɗari, don ni ma Musulma ce. Kashe kai haramun ne, babban zunubi, ba wanda ke neman a halatta shi. Tambayar ita ce, wanda ciwo ya kai shi bakin ramin aka jawo shi, kurkuku ya dace da shi ko magani? A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, rashin lafiya ta tsananta masa, ya kasa jurewa, ya ji wa hannuwansa raunin da ya zama ajalinsa. Da labarin ya zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, addu'ar gafara ya yi masa. Ina roƙon ku zauna da malamanmu a kan wannan, na tabbata za ku sami masu fahimta da yawa. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa gwamnati na son a cire wannan laifi, aka kuma kafa kwamiti a kai. Mun yaba. Amma minista ba ya goge sashen doka, aikin majalisa ne.

Na biyar, matsayinmu a gaban alƙali. Sashe na 68 na Dokar Shaida ya yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre. Sashe na 51 na Final Kod ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa. Auna fahimtar mutum, da gano mai raunin ƙwaƙwalwa tun haihuwa, da bambance mai ciwo da mai kwaikwayon ciwo, duk aikin da aka horar da mu a kai ne. Amma na taɓa tsayawa ba da shaida a kan wani matashi da tunaninsa bai wuce na ɗan shekara 8 ba, lauya ya miƙe ya yi mini tambaya biyu: "Ke likita ce? Wace hukuma ta ba ki lasisi?" Ya zauna. Gwajin da na yi kwana uku ina yi ya tashi a banza, aka ɗage shari'ar har sai an sami likitan ƙwaƙwalwa. Likitocin nan, a faɗar ƙungiyarsu, ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Yaron ya koma gidan yari yana jira.

Na ƙarshe, ita kanta dokar 2023. Ta tanadi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusu na musamman, da kwamitin da zai saurari koken wanda aka tsare don jinya ba da son ransa ba. A ɗakin da nake aiki ban ga alamar asusun ba, ban kuma san ƙofar da zan nuna wa mai koke ba. Yawancin jihohinmu na Arewa ba su yi tasu dokar ba. Ba mu manta Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa inda za su kai su suka yi. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekara guda. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, duk ƙoƙarinsu, ba za su ɗauke wannan kaya su kaɗai ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

Ku zartar da dokar kafa hukumar masana halayyar ɗan Adam a wannan zangon majalisa, ku bi ta har teburin Shugaban Ƙasa. Ta ƙunshi littafin rajista da kowa zai iya dubawa a wayarsa, da mafi ƙarancin karatu da horon da ake buƙata kafin a taɓa mara lafiya, da hukunci ga mai amfani da sunan ba tare da rajista ba, da kwamitin ladabtarwa wanda za a sa wakilin jama'a a cikinsa. Ta fayyace iyakar aikinmu da na likitoci da na masu ba da shawara, don kada a bar mu muna ja-in-ja a kan mara lafiya. Ta kuma hau kan masu jinya ta waya da intanet, domin can ɓarnar ta fi yawa yanzu.

Ku ƙara sashe a Dokar Shaida da zai kare zancen jinya kamar yadda aka kare na lauya, tare da togaciya bayyanannu. Inda dole kotu ta gani, alƙali ya duba fayil a ofishinsa, ya ɗauki abin da ya shafi shari'ar kaɗai. Ku kuma yi amfani da girmanku wurin gwamnoninku da majalisun jihohinku da Alƙalan Alƙalai, a fitar da irin wannan umarni ga kotunan shari'ar Musulunci da na yanki.

Ku rubuta mana a doka lokacin da ya wajaba mu yi magana, da wanda za mu gaya wa, musamman a kan yaro da ake cutarwa da mutumin da aka yi wa barazanar kisa, sannan ku kare wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya daga ƙara da kora.

Ku soke hukuncin yunƙurin kashe kai a dokokin da ke hannunku, wato kundin laifuffuka na tarayya da Final Kod na Abuja, ku maye shi da tura mutum jinya. Kowannenku kuma ya ɗauki kwafin gyaran ya kai wa kakakin majalisar jiharsa, tunda Final Kod na jihohi su ke da iko da shi.

Ku kira Ma'aikatar Lafiya gaban kwamitocinku, a zaman da 'yan jarida za su halarta, ta faɗi inda aka kwana a kan sashen da asusun da kwamitin da dokar 2023 ta tanada, ku kuma ware musu kuɗi a kasafin da ke tafe.

Idan kun sa ranar jin ra'ayin jama'a, muna roƙon a yi zama ɗaya a Arewa, a Kaduna ko Kano ko Maiduguri, a ba da damar magana da Hausa. Za mu zo da daftarin ƙa'idojin aikinmu, za mu zo da amsar duk tambayar da kuke da ita. Matashiyar nan da ta tambaye ni inda za ta kai ƙara ta ce in an kira zaman za ta zo da niƙabinta ta yi bayani da bakinta.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, a madadin abokan aikinta na jihohin Arewa.